Cizon Guntuwa

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Hansai, rage fitilar nan. Kai kuma Sagiru, ka daɗe kana tambayata tabon da ke idon sawuna, na ce maka fartanya ce. Ƙarya na yi maka. Yau zan faɗi gaskiya, tunda na ji kuna cewa za ku riƙa yanke hanya ta Tudun Gawo in kun taso daga kasuwa.

Kafin kakanku na yi wani miji. Sunansa ba zan faɗa ba, har yau bakina bai iya ba. Manomi ne, mutum mai shiru-shiru. Shekara bakwai muka yi, Allah bai ba mu haihuwa ba. Abu ɗaya nake so ku riƙe game da shi. Bai taɓa shigowa gida bai yi gyaran murya a zaure ba. Sau biyu. Na farko gajere, na biyu da ɗan ja. Ko ina bayan ɗaki na ji, na san shi ne.

A shekarar da aka yi titi, mutanen Tudun Gawo suka fara tashi suna komawa bakin hanya. Gida ɗaya yau, gida biyu gobe. Kowa ya cire ƙyaurensa, ya sauke jinkarsa, ya ɗora a kan jaki. Mu ma mun ce bayan girbi za mu bi su. Aka gama girbi, aka zuba a rumbu, zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi.

Takaba kuwa a ɗakin miji ake yin ta. Wata huɗu da kwana goma. Aka yi sadakar bakwai, kowa ya kama gabansa. Gidanmu kaɗai ya rage da rufi a duk tudun.

Gwaggo Yalwa, ƙanwar babana, ita ce ta ƙarshen tafiya. Mijinta yana kwance ba lafiya a bakin titi, ba ta da halin zama da ni. Ta ce za ta riƙa zuwa duk Laraba. Da za ta tafi sai ta kwance bakin zanenta, ta ciro wata 'yar wuƙa cikin kube na fata. Ba ta fi tsawon tafin hannu ba. A garinmu, a lokacin, haka ake yi wa mai takaba.

"Ɗaura a ƙugu," in ji ta. "Ko bayan gida za ki, tana jikinki. Ba sa son ƙarfe."

"Su wa, Gwaggo?"

"Kin san su. Kada ki sa ni kiran suna da yamma."

Na ɗaura. Ta ja igiyar ta ji ta ɗauru.

"Na biyu. Daga rana ta yi ja har a yi isha'i, kome ya zo bakin ƙofarki, kada bakinki ya ce masa shigo. Ko ni ce."

"Ko ke?"

"In ni ce, yaushe na taɓa jiran izininki? Kin tuna Ladingo?"

Wa bai san Ladingo ba. Matar nan da ke yawo a kasuwa, in an ba ta abinci sai ta raba biyu, ta ajiye rabi a gefenta tana cewa ci mana. Tana hira da wanda babu mai ganinsa.

"A takaba ta ce wa wani abu shigo," in ji Gwaggo. "Shekara goma sha ke nan bai fita ba. Ni dai hankalinki nake so in zo in ɗauka tare da ke. Kayan ɗaki ko an bari ba komai."

Ta tafi. Na tsaya a zaure ina kallonta har ta zama kamar ɗigon tawada.

Na tara tsakuwa a ƙwarya, adadin kwanakin da suka rage. Kullum da safe in jefar da ɗaya.

Ku ba ku san shiru ba. Ku da rediyo da babur da maƙwabta masu faɗa. Shirun kufai daban ne. In na yi daka, sai in ji taɓaryata tana amsawa daga bangayen da babu kowa. In na yi tari, sai in waiwaya. Kaji biyu gare ni, su ma ba su da hira. Wata rana na kama kaina ina gaya wa randa cewa gishiri ya kusa ƙarewa. Na zauna na yi dariya. Dariyar ta fi kukan ban tsoro, sai na daina.

A sati na uku na fara ganinta.

Kan katanga, wajen rumbu. Kyanwa ce mai ruwan toka, ƙashi da fata, wutsiyarta rabi. Ba kyakkyawa ba ce. In faɗa muku gaskiya, mummuna ce, fuskarta kamar ta mai bin mutane da harara. A kufai aka haife ta, ina jin hannun mutum bai taɓa shafa ta ba. Na ce, "Mus, mus." Kafin in rufe baki ta ɓace.

Na sa mata suna Guntuwa. Ba ta nema ba, amma na sa.

Washegari na zuba ragowar tuwo da kan busasshen kifi a kasko, na ajiye a gindin katanga. Na tsaya ina jira. Ba ta zo ba. Da na shiga ɗaki na fito, kasko a lashe. To, na gane. Ba ta son ido.

Sai na canza dabara. Kullum bayan la'asar in share tsakar gida, in yayyafa ruwa ƙasa ta kwanta. In ajiye kasko. In ɗauko auduga da mazari in zauna a ƙofar ɗaki ina kaɗi, na ba ta gefen fuska. Ba na kallonta. Da wutsiyar ido nake ganin ta leƙo. Ta sauko. Ta ci loma ɗaya ta ɗago. Ta ci ta ɗago. In na motsa ƙafa, shi ke nan, an tashi kasuwa.

Duk bayan kwana uku in matso da kasko taku ɗaya. Ɗaya tak. Ranar da na yi haɗama na matso taku biyu, ta zauna a kan katanga tana kallona har duhu, ba ta sauko ba. Na mayar da shi inda yake. Na ba ta haƙuri da baki, kamar mutum.

Na fara yi mata magana ƙasa-ƙasa, idona a kan zare. In ba ta labarin marigayi. Yadda yake cin tuwo daga gefe yana barin tsakiya. Yadda bai iya fushi ba sai dai ya je ya yi ta gyaran shinge. Ba ta amsawa. Amma kunnenta yana juyowa, kuma randa ba ta da kunne.

Wata Laraba Gwaggo ta ga kaskon.

"Wannan fa?"

"Na kyanwa ne."

"Kifin da nake ɗauko miki a ka tun daga bakin titi? An bar ki ki yi wa miji addu'a, kin ɓige da zawarcin kyanwa. Ta amsa miki kuwa?"

"Tana dai tunani."

"Allah ya sa ta fi ki hankali."

Wajen kwana hamsin, kasko ya iso gindin turmi. Taku biyar tsakanina da ita. A nan na yi kuskuren.

Wata yamma ta riga ni zuwa, tana zaune kusa da turmi tana jira. Murna ta kama ni. Na sunkuya a hankali zan ajiye kaskon, sai wuƙar nan ta zame daga kube, ta faɗa kan bakin kasko. Ƙarar ba ta kai ta cokali ba. Amma da kun ga yadda ta yi. Ta tashi sama, ta bugi rumbu, ta haura katanga tana zubar da ƙasa.

Kwana biyar ban gan ta ba.

Kwana biyar ɗin nan sun fi kwana bakwai na farko tsawo. A cikinsu na yi ta tunanin wutsiyarta. Ba kare ne ya cije ta ba. Yanka ne, a miƙe, irin na kaifi. Wani ɗan Adam ya taɓa kama ta da ƙarfe a hannu.

Da ta dawo, a kan katanga ta tsaya. Ba fuskata take kallo ba. Ƙuguna take kallo.

Na shiga ɗaki, na kwance igiyar, na tura wuƙar ƙarƙashin matashi. Na fito na ɗaga hannuwa na nuna mata. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta sauko.

Daga ranar, kullum rana ta yi ja sai in kwance wuƙa. Daidai lokacin da aka ce kada in rabu da ita. In Guntuwa ta gama ci ta tafi, in mayar. Gwaggo in ta zo ta kan tambaya, "Wuƙar fa?" In ce ga ta. Ban yi mata ƙarya ba. Da rana take zuwa.

Kwanaki suka tafi. Na lura cikin Guntuwa ya fito. Daga baya ta ɓace kwana uku, ta dawo a rame, nonuwanta sun sauko. Ta haihu a wani kango, ba ta nuna min inda ba. Na ƙara mata kifi, na rage wa kaina. Kasko ya zo taku biyu. Ya zo taku ɗaya. A nan ya tsaya. Ina jin ƙarar taunarta, ina ganin ƙaiƙayi a gashin wuyanta, amma in na miƙa ko ɗan yatsa, sai ta ja baya ta buɗe haƙora. Ni kuwa abin da nake so ke nan a duniya. In taɓa abu mai rai.

Ranar da tsakuwa ta rage tara.

Na share, na yayyafa ruwa, na kwance wuƙa, na zauna. Amma ba a ƙofar ɗaki ba. Zafi ya yi yawa ranar, sai na ja tabarma tsakiyar gida. Kajin sun shige akurki tun rana ba ta faɗi ba. Kurciyoyin da ke kuka a kan gawo duk yamma, ranar ban ji ko ɗaya ba. Na lura. Ban kawo komai a raina ba.

Sai ga ta ta shigo ta zaure.

Guntuwa ba ta taɓa bin zaure ba. Kullum ta katanga. Na lura da wannan ma.

Ta wuce kasko ko shinshinawa ba ta yi ba. Ta taho kai tsaye. Ta goga kanta a gwiwata. Ta hau cinyata ta kwanta.

Mazari ya faɗi daga hannuna. Hawaye suka zubo. Wata uku da rabi ina lallashi, yau ga ta. Na ɗora hannu a bayanta ina shafawa. Ina cewa kin zo, kin zo.

Sanyi gare ta. Irin sanyin gindin randa.

Nauyi kuma kamar an ɗora min dutsen niƙa. Ƙafafuna suka fara mutuwa.

Na zura hannu ƙarƙashin cikinta. Sumul. Babu nono ko ɗaya. Mai shayarwa ce Guntuwa, jiya-jiya na gan su.

Na ɗaga ido a hankali, na bi hanyar da ta biyo daga zaure. Ƙasa a jiƙe take, sawu ya fito sarai. Ba sawun kyanwa ba ne. Sawun jariri ne, da 'yan yatsu biyar-biyar. Kuma yatsun zaure suke kallo. Dunduniya ce a gaba.

Ban yi ihu ba. Wa zai ji?

Ta sauka daga cinyata da kanta. Ta tafi ƙofar ɗakina, ta zauna daidai bakin dokin ƙofa, ba ta tsallaka ba. Wuƙata tana ciki, bayanta. Ta juyo ta kalle ni. Idon ba ya ƙiftawa.

Sai ta yi gyaran murya.

Sau biyu. Na farko gajere, na biyu da ɗan ja.

Hansai, saki hannuna, kina ji min ciwo.

"Tasalla," in ji ta. Bakin bai motsa ba. Muryarsa ce, da 'yar dishewar nan tasa ta mai shan iskar gona. "Na dawo."

Na ƙura mata ido.

"Na gaji. Ba ki ce in shiga ba."

Yanzu ku saurara, don nan ne wurin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har kakanku. Na san ba shi ba ne. Na ga sawun. Na ji sanyin. Na tuna Ladingo da rabin abincinta. Kada wani ya ce an rufe min ido. Da idona biyu na zauna ina lissafi a zuci: Ladingo dai ba ta cin abinci ita kaɗai. Ladingo tana da wanda take yi wa magana ya amsa. Na ce a raina, to, mene ne a ciki?

Abin da kaɗaici ke yi wa mutum ke nan. Ba ya sa ka makance. Sa ka yake ka ga ramin, ka ce ai da inuwa a ciki.

"Tasalla. Kalma ɗaya ce."

Na jiƙa leɓe. Na buɗe baki. Harshena ya riga ya hau kan kalmar.

Ban ji saukowarta ba. Ban ga ta inda ta biyo ba. Abin da na ji kawai, haƙora huɗu sun shige idon sawuna har ƙashi.

"Wayyo Allah! Innalillahi!"

Abin da ya fito ke nan. Ba don ni malama ba ce. Zafi ne ya fizgo shi daga bakina, ya ture waccan kalmar. Da na fara kuwa ban tsaya ba. Duk abin da na iya na karanta, da wanda na iya rabi, da ƙarfi, ina kuka, jini yana bin ƙafata.

Guntuwa ce. Ta gaskiyar. Tana tsaye a kan tabarmata, gashinta duk a miƙe, jikinta yana rawa kamar ganye. Tsoro take ji, ya fi nawa. Amma ba ta gudu ba. Gefen cikinta yana jingine da ƙaurina. Da ɗumi. Ɗumi kamar tuwon da aka kwashe yanzu.

Taɓawar farko da ta yi min a duniya, cizo ne.

Na ƙofar ɗakin ya daɗe yana kallonmu. Sannan ya tashi. Bai yi sauri ba. Ya bi ta gefenmu, ya nufi zaure. A bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba.

"Da kin ce," in ji shi. Wannan karon ba muryar kowa ba ce.

Ya fita. Can sai na ji kurciya ɗaya ta yi kuka a kan gawo.

Na rarrafa ɗaki, na ɗauko wuƙa na ɗaura. Na ce shi ke nan, yanzu za ta gudu. Da na fito tana nan. Ta kalli wuƙar. Ta kalle ni. Ta je ta cinye abincinta tas, ta haura katanga ta tafi wurin 'ya'yanta.

Sauran kwana takwas ɗin, da wuƙata a ƙugu nake ba ta abinci. Ta daina damuwa da ita. Amma kada ku zaci ta zama ta gida. Ko sau ɗaya ba ta ƙara bari na taɓa ta ba.

Laraba Gwaggo ta ga ƙafata a ɗaure da tsumma.

"Me ya same ki?"

"Kyanwar ce."

"Madalla. Kin ciyar da ita wata huɗu, ta biya ki. Ban gaya miki ba?"

"Kin gaya min, Gwaggo."

Ta dube ni da kyau. Ta dubi ƙofar ɗaki. Ba ta ƙara tambaya ba, amma ranar ba ta koma ba, ta ce mijinta sai dai ya yi haƙuri. Tare muka ƙarasa kwanakin.

Ranar fita takaba aka zo da jakuna biyu. Aka kwashe rumbu, aka cire ƙyaure. Na ɗauki kwando na zagaya kangaye ina kira, mus, mus, har muryata ta dishe. Na same ta a kan katangarmu, inda na fara ganinta. Na ajiye kwandon, na sa kifi a ciki. Na roƙe ta. Na ce babu kowa a nan, wa zai ba ki? Ta kalle ni da fuskar nan tata ta harara. Ba ta sauko ba.

Gwaggo ta ce rana tana yi. Na cika kasko na ajiye a gindin turmin da muka bari saboda ya tsage. Na bi jakuna. Sau uku ina waiwayawa. A na ukun katanga ce kawai.

Ban sake ganinta ba.

Da muka isa bakin titi, na buɗe lefen audugata zan ciro mazari. Sai na ji abu ya motsa. 'Yar kyanwa ce mai ruwan toka, ba ta fi dunƙulen hannu ba, ta naɗe cikin auduga tana barci. Wuyanta da ɗan danshi, inda uwa ke kamawa.

Me ka ce, Sagiru? Ta yaya na san ta Guntuwa ce, ba ta wancan ba?

Ka yi tambaya. Ni ma na yi ta. Na ɗebo toka a murhun Gwaggo na baza a ƙasa, na ajiye ta a kai, na riƙe numfashi. Ta yi taku huɗu ta yi atishawa. Sawun kyanwa ne, yatsu a gaba. Duk kyanwar da kuka taɓa gani a gidan nan, jininta ce.

To, kun ji. Tudun Gawo yanzu ko bango babu, sai gawon da ciyawa. Amma abin da aka hana shiga bai mutu ba, yana nan yana neman ƙofa. Kada wanda ya bi hanyar nan shi kaɗai in rana ta yi ja. Ku zagaya ta titi, ƙafa ba ta ƙarewa. In kuma wata rana kuka tsinci kanku ku kaɗai, kaɗaicin da har za ku yi wa randa magana, sai wani abu ya zo muku da sauƙi, bai sa ku jira ba, bai sa ku lallashi ba, to ku duba ƙasa kafin ku buɗe baki.

Hansai, wannan da ta hau cinyarki tun ɗazu. Ban ga shigowarta ba. Sa hannu a cikinta.

Da ɗumi?

To. Ku je ku kwanta.